Katin Banki a Cikin Ƙanƙara

Noelene Pascoe ba ta ci bashin kowa ba tun shekarar da ita da mijinta marigayi Merv suka gama biyan gidansu na unguwar Bassendean. Amma ga ta yau, shekara saba'in da tara, takardar gidan tana kwance a hannun banki. Jikanta Jarrad ne ya jawo mata. Shekara huɗu da suka wuce ya ga gida a unguwar Baldivis, ba shi da kuɗin da ake fara ajiyewa, sai ta tsaya masa da nata gidan. Banki ya ce ranar da bashin ya sauko ya kai wani mataki, za a sakar mata takardarta. Yanzu saura dala dubu talatin da takwas a kai wurin.

Kuɗin kuwa akwai su. Jarrad yana tuƙa manyan motoci a mahaƙar ƙarfe can arewa, sati biyu a can, sati ɗaya a gida, har ya tara dubu arba'in da ɗaya. Sai dai ya ƙi zuba su a cikin bashin. Ya bar su a asusun gefe, wanda banki ke ratayawa a jikin bashin gida: gwargwadon abin da ke ciki ba a ɗora masa kuɗin ruwa, kamar ka biya, amma kuɗin naka ne, ranar da ka ga dama ka ɗiba. Wata uku da suka wuce sun kai ruwa rana a kan wannan, daga ƙarshe aka yi sulhu. Shi da matarsa Tahlia za su ci daga albashinta, nasa ya ci gaba da taruwa, katin asusun kuma ya zauna a wurin Noelene. Ta jefa shi a robar askirim, ta cika ta da ruwa, ta tura ƙasan firiza. Tun daga ranar take barci har da minshari.

Abu ɗaya ne ba ta gaya wa kowa ba. Kwana goma sha ɗaya da suka wuce ta faɗi a banɗaki. Da ta iya miƙewa sosai, ta sa ƙawarta Valmai ta kai ta garin Mandurah, ta ga wani ɗan gida mai ɗaki ɗaya, babu matakala ko guda, wurin wankan ma daidai yake da ƙasa. An ce za a riƙe mata shi zuwa ƙarshen wata. Gidan da ke jingine a banki kuwa ba ya sayuwa. Don haka ranar Alhamis ɗin nan, da ta ji a-kori-kurar Jarrad ta tsaya a ƙofa, sai ta ɗora buta a wuta, ta zauna a kan ɓangaren kwankwason da ba ya ciwo, ta jira.

"...lafiya lau nake," in ji Noelene, "tunda da bakin da ke cike da biskit ɗina kake tambaya. Ko ƙofa ba ka ƙwanƙwasa ba, ka wuce kan gwangwani."

Jarrad, wanda Nan yake ce wa kakarsa tun yana yaro, ya ce, "Na ƙwanƙwasa, Nan. Kunnen ne ya yi ritaya ya bar ki kina aiki."

"Kunnen da ya ji gurnanin motarka tun daga gadar Guildford? Maƙwabta sun ɗauka jirgin sama ne ya ɓata hanya ya sauka a layinmu."

Jarrad ya ciji biskit ɗin, ya runtse ido, ya ciro shi ya duba. "Nan, da irin wannan aka gina katangar gidan yari, ko?"

"Haƙoranka ne na banza. Kakanka da haƙori huɗu ya ci shi shekara arba'in."

"Shi ya sa suka rage huɗu."

"Ja'iri. Zauna ka daina tare mini haske. Me suke ba ku a can arewa ne? Kullum ka dawo sai kujerata ta yi kuka."

"Ƙarfi ne wannan. Ke kuwa kullum raguwa kike. Baɗi in na zo sai na nemi tabarau kafin in gan ki."

"Baɗi in ka zo da wannan cikin, ƙofar ma ba za ta karɓe ka ba."

Ta zuba masa shayi. Sannan ta jawo wata takarda daga ƙarƙashin gwangwanin sukari ta tura masa, ta ɗora biro a kai. Takardar neman sakin gidanta ce. Ta cike ko'ina da rubutunta na 'yan makarantar da, wurin sa hannunsa kaɗai ya rage.

Jarrad ya dube ta ya ture. "Nan, wannan maganar mun kashe ta mun binne."

"Ni ma an kusa binne ni, ga ni ina magana."

"Sau nawa zan faɗa miki? Ko na zuba su a bashi, ko na bar su a gefe, kuɗin ruwan da za a rage mini ɗaya ne. Ko sisi babu bambanci. Matar bankin nan har zana miki ta yi a takarda."

"Yarinyar nan mai farce kamar shaho? Ta zana. Har da ɗan murmushi ta zana a ƙasa. Da na ce mata, to tunda ɗaya ne, miƙo mini takardar gidana, sai ta ce a'a, wannan kam sai bashin kansa ya sauko. To ina ɗayan yake? A wurinka ɗaya ne, a wurin banki ɗaya ne, a wurina ni kaɗai ne biyu."

"Kuɗin da ya shiga bashi ya shiga kabari, Nan. In na buƙace su gobe, sai na je na durƙusa ina roƙon banki ya ba ni abina, su ce sai sun duba. Ajiya maganin wata rana."

"Ajiya a hannunka? Kura ma ta fi ka riƙon amanar nama, ita tana barin ƙaho. Kana shekara tara na ba ka dala goma ta balaguron makaranta, ka dawo mini da zomo mai ido ɗaya."

"Zomon nan shekara shida ya yi."

"Yana cin latas ɗina."

"Laifi tudu ne. Ke da kike sayen tikitin caca duk Asabar tun kafin a haife ni? Da tarawa kika yi, da yanzu ke ce mai bankin, yarinya mai farce tana kawo miki shayi."

"Na ci sau biyu."

"Dala goma sha huɗu, da tiren nama a kulob."

"Wa ya cinye naman?"

Ya yi dariya, ya tsoma biskit a shayi ya bar shi ya jiƙa. Sai ya ɗan rage murya. "Ba wasa ba, Nan. Ana raɗe-raɗin za a rage mutane bayan Yuni. Ga Tahlia da cikin wata biyar. In aka sallame ni, kuɗin nan ne za su riƙe mu. Ba zan dafa wa jariri bulo ba."

Noelene ta san wannan gaskiya ce, kuma ba ta ji daɗin jinta ba. Amma ba a bakinta za a ji ba.

"Ka taɓa ganin sallama kai? Lokacin da aka rufe ma'aikatar gyaran jirgin ƙasa aka watso kakanka, mu da muka biya ruwa goma sha bakwai cikin ɗari..."

"Ga ta nan! Sha bakwai cikin ɗari ta iso. Na ɗauka yau za mu sha shayi babu ita."

"...muka biya, muka gama, ba wanda ya isa ya fitar da mu. Wata takwas muna cin niƙaƙƙen nama da burodi, amma a ƙarƙashin rufinmu muka ci shi."

"Gidan da kuka saya da kuɗin keke. Nawa ne ma? Dubu goma sha tara da buhun lemo?"

"Dubu ashirin da uku, kuma kakanka bai taɓa sayen kofi a kofin takarda ba."

"Shi ya sa a duk hotunansa fuskarsa a murtuke."

"Ni ce na murtuke ta, ba rashin kofi ba."

"Wannan kam ban musa ba." Ya miƙe ya buɗe firiza, ya tsaya yana kallon robobin da aka jera kamar bulo. "Shekara talatin da ɗaya ina buɗe robar askirim a gidan nan, ban taɓa samun askirim a ciki ba. Miyar wake. Miyar kabewa. Romon ƙashi. Wannan kuma mene ne, kore haka? An haife shi kafin ni ko bayana?"

"Rufe mini firiza, kana shan wutata. Katinka yana nan a ƙasa, lafiyarsa ƙalau, ya fi ka natsuwa. Da shi na haifa a jika da na huta."

Ana cikin haka aka ji hon sau biyu a titi. Carmelo ne, mai motar kifi, da ke zagayo unguwar duk Alhamis. Noelene ta lalubi jakarta.

"Bar shi, Nan, yau ni zan saya miki jatan lande. Kada ki je ki tsaya kina taya wa bawan Allah kan kifi ɗaya har rana ta faɗi."

"Da me za ka saya? Da kyan fuska? Ita ma babu."

"Zo ki gani."

Matakala biyar ce daga barandarta zuwa ƙasa. Ta kama ƙarfe, ta sauko su ɗaya bayan ɗaya, tana ajiye ƙafa biyu a kan kowace. Jarrad ya tsaya a ƙasa yana duba agogo.

"Ki yi a hankali, kifin ba zai tsufa ba. In aiko miki da wasiƙa in mun gama?"

"Sarauniya ba ta gudu. Bayi ne ke gudu."

Carmelo ya auna jatan lande kilo ɗaya da rabi, ya naɗe, ya miƙo ɗan akwatin biya. Jarrad ya zaro waya ya ɗora a kai. Abin ya yi ƙara sau ɗaya. Noelene tana tsaye a gefensa, idonta kuwa bai yi ritaya ba. A fuskar wayar ta ga hoton kati, a jikin katin kuma wani kare sanye da baƙin tabarau.

Ta san karen nan. Karen Jarrad ne, shi ya sa banki suka buga masa hotonsa a kati. Wata uku ke nan duk ranar da ta ciro miya, sai karen ya leƙo ta ta cikin ƙanƙara.

"Carmelo, an biya ka?"

"An biya, madam."

"To madalla. Gai da iyali." Ta juya. "Kai kuma wuce gaba."

Suka hau matakala biyar ɗin nan. A kicin ta buɗe firiza da kanta, ta ture miyar wake, ta ciro robar, ta kife ta a kan tebur. Dunƙulen ƙanƙara ya faɗo. Ga kati a tsakiya, ga kare da tabarau.

"Wane ne wannan?"

"Katin ne, Nan."

"Na cikin wayarka fa?"

"Shi ma... katin ne."

"Wato tagwaye ne ban sani ba."

"Ba tagwaye ba ne. Ai yanzu katin yana shiga cikin waya. Kowa haka yake yi. Tun kafin ki daskarar da shi yana ciki."

"Tun kafin." Ta zauna a hankali. "Wato wata uku ina gadin gawa, kurwar tana yawo a aljihunka."

"Ai ba ki tambaye ni ba."

"Na tambaye ka ko kana da wani katin, ka ce babu."

"Kuma babu. Wannan ba kati ba ne, hotonsa ne."

"Hoton da ke sayen jatan lande. Ni kuwa na rufe ƙofa da ɓarawo, har ina ba Valmai labari a kulob, ina cewa na yi maganin ɗan zamani. Mata huɗu sun kwaikwaye ni. Akwai wadda ta daskarar da katin mijinta a cikin romon kaza."

Jarrad ya kasa riƙe dariya. "A romon kaza?"

"Yi dariya, ranar wanka ce, cibiya ta fito. Nawa suka rage?"

"Suna nan da yawa."

"Yashi ma yana nan da yawa. Nawa?"

"Kin san abubuwa sun yi tsada..."

"Jarrad Mervyn Pascoe."

Ya duba wayar kamar yana fata ta canza ra'ayi. "Dubu talatin da shida da ɗari biyu."

Noelene ta ƙirga da yatsu. A lissafinta ya kamata su haura arba'in da biyar. Yanzu ko matakin bankin ba su kai ba. Ta ji kwankwason ya harba, ta danne.

"Faɗa mini inda suka je. Ɗaya bayan ɗaya, kada in shaƙe."

"Tayoyi huɗu. Wannan dole ne."

"Na ji. Sai me?"

"Kare ya haɗiye safa, aka yi masa aiki."

"Shi ma ya gaji mai shi. Sai me?"

"Ɗan firiji na mota, na zuwa daji."

"Don giya kada ta ji zafi. Sai me?"

"Injin kwale-kwale."

"Yaushe ka sayi kwale-kwale?"

"Ban saya ba tukuna."

Ta cire tabarau, ta goge, ta mayar, don ta ƙara ganinsa da kyau. "Ka sayi inji babu jirgi."

"Araha aka yi, Nan! Wani abokin aikina ne matarsa ta sa shi a gaba. Rabin kuɗi ya ba ni."

"Matar tana da hankali. Yanzu a ina kake ɗaura shi? A bahon wanka? Tahlia tana riƙe da igiya kana zagaye banɗaki?"

"Yana gareji. Na lulluɓe shi."

"Ka kyauta, kada sanyi ya kama shi. Wannan ce ajiyar maganin wata rana? In an sallame ka, ka yanka wa jaririn farfela ya tsotsa."

"Amma ki duba, duk da haka kuɗin ruwan da aka rage mini a wata ukun nan..."

"Bokiti mai huji ma yana riƙe ruwa in kana gudu. Asusun ba shi da laifi, na yarda. Wanda ya ƙirƙiro shi mai wayo ne. Don masu hankali ya yi shi, sai kai ka shigo ta taga."

"Gwano ba ya jin warin jikinsa. Ke da kika ɗaure kati kika bar waya?"

"Ni wautata ta ci mini roba ɗaya da ruwa. Taka fa?"

Jarrad ya ajiye wayar. Ƙullin jatan landen ya ɗiga masa a hannu, ya shinshina, ya ce bari ya wanko, ya nufi banɗaki. Sai da ya wuce ta tuna. Ta buɗe baki ta ce ya wanke a kicin, ta ga an riga an makara, ta rufe.

Ya daɗe. Da ya dawo yana riƙe da ƙarfen rataye tawul, a lanƙwashe, da guntun siminti manne a bakinsa.

"Nan. Wa ya yi dambe da wannan?"

"Tsufa ya yi. Aikin kakanka ne, komai nasa da tofi yake liƙawa."

"Tsufa ne ya lanƙwasa shi ƙasa? Tsufa ne ya fasa ƙofar gilashi kika manne da salatif?" Ya ajiye ƙarfen kusa da ƙanƙarar. "Ɗazu a matakala na ɗauka iyayi kike yi. Yaushe?"

"Ran Lahadin waccan."

"Awa nawa kina ƙasa?"

"Biyu. Na ƙirga tayil ɗin bango, ɗari biyu da goma sha huɗu ne, uku a karkace. Shekara hamsin ina wanka a wurin ban lura ba."

"Me ya hana ki faɗa?"

"In faɗa wa wa? Uwarka? Kafin magariba ta kai ni gidan tsofaffin nan da ake ba mutum abinci a cokali ana tafa masa in ya haɗiye. Na sami wuri a Mandurah, ƙofa biyu tsakanina da Valmai. Babu matakala. Sun ba ni zuwa ƙarshen wata. Sai na sayar da nan zan biya can, nan kuma ba nawa ba ne sai kai da karenka kun ga dama."

"Da kin faɗa mini haka tun farko..."

"Da na zama mai roƙo a kan abina. Ban saba ba. Kuma kada ka yi mini wannan fuskar, ka fi muni da ita."

Jarrad ya zauna. Kujerar ta yi kukanta. Ya juya wayar a hannu. "In na zuba, ba ni da komai a baya, Nan. Ko sisi."

"Yanzu ma me kake da shi? Inji. Saurara, ɗan nan. In aka sallame ka yau, kuɗin suka ƙare, banki gida biyu zai sa wa ido, naka da nawa. Mutum biyu a rijiya ɗaya, wa zai jawo wani? Ka bar ni in fita. In ina bakin rijiya da kuɗin gida a hannu, ko ban so ba dole in jefo maka guga, don kada mutane su zage ni."

"Don kada a zage ki kawai?"

"To don me? Don kyanka?"

Ya yi ɗan murmushi. "In kuma gugan bai iso da wuri ba?"

"Akwai robar miya goma sha ɗaya a firiza. Ba wanda ya taɓa mutuwa da ita."

"Wanda ya mutu ai ba zai dawo ya ba da shaida ba."

Ya sunkuya kan wayar. Ta ga babban yatsansa ya taɓa nan, ya taɓa can, kamar mai kashe tururuwa.

"Bar ɗari biyun," ta ce. "Wannan dodon motar taka ba da addu'a take tafiya ba."

Ya taɓa sau ɗaya, ya juyo mata da fuskar wayar. "Dubu talatin da shida. Sun shiga kabari. Allah ya ji ƙansu."

"Shi ke nan? Ba layi, ba hatimi? Lalle na ga yadda aka yi inji ya shigo gareji."

"Saura dubu biyu, Nan. Albashi sai sati biyu, kafin banki su aiko mai duba gida su gama nasu..."

"Tashi. Ƙasa can, bayan ƙafar rago. Wadda aka rubuta wa miyar kabewa, da jan biro."

"Yanzu kuma hukunci ne?"

"Ciro."

Ya ciro. Robar ba ta da nauyin miya. Ya buɗe, sai ga ƙulli-ƙulli a cikin takardar gasa nama, kamar tsire. Ya warware ɗaya: 'yan hamsin-hamsin ne a naɗe, sun yi sanyi ƙarara.

"Nan! Nawa ne a nan?"

"Dubu bakwai. Kuɗin jana'izata ne. Ko gobara aka yi firiza ba ta ci."

"Tun yaushe?"

"Tun rasuwar kakanka, da na ga abin da masu akwati ke karɓa."

"Shekara tara! Shekara tara kuɗi suna kwance kusa da ƙafar rago, ba sa haihuwa, ba sa rage wa kowa ruwa! Ke ce kike koya mini tattali? Da a asusun gefena kika sa su, da yanzu..."

"Da yanzu sun zama kwale-kwale."

Ya tura robar gabanta.

Ta ƙirga guda arba'in, dala dubu biyu, da yatsun da sanyi ya sandarar, ta tura masa. "Ka kai banki yau, ba gobe ba. Ka rage mini daraja. Da akwatin katako mai hannun tagulla zan shiga, yanzu sai na kwali."

"Kwali ma ya yi miki yawa. A robar askirim za mu sa ki, mu rubuta miyar wake. Ba wanda zai taɓa buɗewa."

"Ka sayar da injin nan kafin Lahadi ka dawo mini da hannun tagullata, in ba haka ba in na mutu a garejinka zan tare."

"Abokina ba zai karɓa ba, matarsa..."

"Duniya cike take da wawaye masu jirgi babu inji. Ka nemo ɗan'uwanka."

Ya jawo takardar, ya ɗauki biro, ya sa hannu. Ta karɓa ta duba, ta ce sa hannun kamar kaza ta taka tawada, ta ninke ta saka a jaka, ta ja zif. Sannan ta ɗauki dunƙulen ƙanƙarar, wanda ya fara zuba a kan tebur, ta naɗe shi a tawul ɗin goge kwano, ta manna a kwankwaso. Ta lumshe ido, ta saki numfashi.

"Ka gani? Na san katin nan zai yi mini rana."

Jarrad ya kwashe da dariya har ya dafa tebur. "Na sallama, Nan. Kin ci. Ke da karen duka."

"Dama. Buɗe firiza, sama ta hagu, mai shuɗin murfi. Tafi da ita."

"Miyar wace shekara ce? In sani ko zan kira likita tun yanzu."

"Buɗe ka gani, sarkin surutu."

Ya buɗe. Ya tsaya. Ya kai hanci, ya sa yatsa ya ɗanɗana. Askirim ne na gaske, fari sol, ko cokali bai taɓa shiga ba.

"Nan... shekara talatin da ɗaya..."

"Cire yatsanka, ba naka ba ne. Na Tahlia ne, ita ce ke ciyar da gidan. Kai ga biskit nan. Ka tauna a hankali, ba ka da kuɗin likitan haƙori."